Man Shanun Baba Yero

Shekara biyu da samun 'yancin kai aka turo Fidèle, magini daga Dogon Dutsi, ya ɗaure rijiyar Sukukutane da siminti. Rijiya ce mai zurfin gaba talatin. Ana zuba manyan zobba na siminti a sama, kowanne da kunnuwa biyu na ƙarfe, a ɗaura igiya a kunnuwan, shanu su sauke shi a hankali. Ƙanensa Filibus ne ke can ƙasa yana daidaita su.

Fidèle kuwa mutum ne mai shegen bin diddigi. Kafin a fara sai da ya dasa sandunan ƙarfe a cikin curin siminti, wani taƙi ɗaya, wani biyu, ya sa shanu suka ja har ya gano tsawon da siminti ke riƙewa gam. Ya rubuta a littafi, ya ƙara taƙi guda don tsoron Allah. Ƙarfen da ya gwada mai tsatsa ne, kuma kaushin tsatsar nan shi siminti ke kamawa.

Ran da ake sauke zobe na tara, sabon zubi, hantsi ya dubi ludayi, zoben ya kai rabin rijiya, sai Baba Yero mai shanun ya matso yana murmushi.

"Ɗana, ka ga ƙarhen wanga karon? Tsatsa ta so cinye shi. Ni na goge shi tas, na shahe shi da man shanu kahin a zuba."

Wayyo! Fidèle ya dube shi. Tsohon nan kyauta ya yi, man gidansa ya bayar, ina bakin zaginsa?

"Baba, duka kunnuwan?"

"Duka."

Ya ruga bakin rijiya. A ja sama, fizgar za ta zare ƙarfen. A tsaya, nauyi zai zare shi. Yana kallo kunne ɗaya ya fito ɗan yatsa guda, zoben ya karkata.

"Filibus! Tsaya tsakiya! Manne hannuwanka a jiki, kar ka ɗaga kai!"

"Yaya, mi ya faru?"

"Tsakiya na ce, don Allah!"

Ya juya ga masu shanu: "Sannu sannu, ku sauke." Gaba ɗaya. Gaba biyu. Addu'a yake, bai ma san me yake faɗi ba. A gaba na huɗu igiya ta yi tsalle sama fayau, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu, ƙura ta turnuƙo daga rijiyar.

Ya kwanta rub da ciki yana kiran sunan ƙanensa har muryarsa ta dushe. Can sai wata 'yar murya ta hauro.

"Yaya... ƙahwata ta danne. Kar kowa ya sauko, bango na zubowa."

Fidèle ya miƙe. Igiyar yake ɗaurawa a ƙugunsa.