Gora Uku a Kan Kwano

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga kuskure ku rufa asiri.

Wata yarinya ce ake kira Likita a gidansu. Ba yabo ba ne, Kaka ce ta laƙaba mata don tsokana, tun ranar da ta karanto a littafi cewa alif ɗin da ake sa wa ruwa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

"Ruwa garai kamar idon zakara, ki ce da cuta?" in ji Kaka. "Shi na sha har haƙorana suka zube."

Amma ƙaninta Auta kwana huɗu ke nan yana gudawa, idanu sun faɗa. Itacen gidan ko girki ba ya isa, balle tafasa ruwa. Sai Likita ta bi littafin: a cika farar gorar roba da ruwan da ya kwanta, a shanya a rana wuni guda, rana ta kashe cutar. Kaka ta ce ba a gidanta ba, ruwan da aka bari a sarari kowane iska ya sa masa baki. Don haka a ɓoye ta jera gora uku a kan kwanon rufin madafi.

Washegari da hantsi ta hau ɗaukowa. Tana kai hannu ta ji ƙarar tsani. Kawu ne ya saɓa shi a kafaɗa, ya yi waje yana waƙa, zai gyara rumfarsa.

Ta kwanta rub da ciki. Kwano ya fara gasa ta kamar masara. In ta motsa ya yi ƙara, in ta yi kira Kaka ta gan ta, budurwa a kan rufi, ta zubar da ruwan, a kuma yi shekara ana zancen. Ta ƙasa kuwa babu abin dira sai turmi da duwatsun murhu.

Sai ta ji kukan Auta, siriri kamar na ɗan mage.

"Ke, ƙishi yake ji," Kaka ta ce wa Inna. "Ɗebo masa a randa. Ina Likitar taku? Ko ta tafi yi wa kwaɗi allura?"

Inna ba ta musu da surukarta, ko sunanta ba ta faɗa. Likita ta ji takunta a cikin madafi, ta ji an buɗe faifan randa, moɗa ta ce ƙwal.

Sai ta warware ɗankwalinta, ta ɗaure wuyan gora ɗaya, ta ja jiki har bakin kwano, gwiwar hannunta na ƙuna, ta zura ta saitin tagar madafi. Gorar ta bugi bango sau biyu.

Sannan ta ji an ja ɗankwalin a hankali, ya dawo babu nauyi.

"Me kike yi a ciki tun ɗazu?" Kaka ta ɗaga murya.

"Kofi nake ɗaurayewa," in ji Inna.

Kukan Auta ya tsaya, sai ƙarar haɗiya.

"Kin gani?" in ji Kaka. "Ruwan randata magani ne. A faɗa wa Likita."

"Za a faɗa mata," Inna ta ce. Ta leƙa waje. "Kawun yara! Dawo mini da tsanin nan bayan madafi, barkono zan shanya."

"Barkono kuma yanzu?"

"Yanzu fa."

Tsani ya jingina. Kawu ya zagaya tsakar gida, shi da Kaka suka kaure da gardamar wanda ya ɓatar da guduma. Likita ta rungume gora biyun da suka rage, ta sauko ba takalmi, matakala ɗaya bayan ɗaya, ta tura su ƙarƙashin gadon Inna, ta sulale ta ƙofar baya kafin wani ya waiwayo.