Ƙarfen Yaya Raihana

Wallahi tun da Yaya Raihana ta buɗe jakarta hankalina ya tashi. Muna jiran tsaraba, sai ga wani dunƙulen ƙarfe kamar gwangwanin tumatir, da sukurori a kansa. Ta ce daga ɗakin bincikensu na Jamus ta ɗauko shi, za ta kai wata jami'a a auna, ta ratso Daura ta gaida Baba. A ciki lu'ulu'u biyu ne suka danne wani abu da bai kai ƙwayar gero ba, da matsi irin na can tsakiyar ƙasa. In an sanyaya shi a haka, wutar lantarki na bi ta cikinsa ba ta raguwa. Duk wahalar digirinta tana ciki, kuma in matsin ya sauka, shi ke nan.

Baba dai "matsi" kaɗai ya ji. Bara tukunyar gas ta tashi a bayan layinmu, yana cikin waɗanda suka fito da gawarwakin.

Washegari Yaya ta tafi Dutsi gaisuwar rasuwa, ta ja kunnena kada kowa ya taɓa. Rana ta take, ɗakinmu na kwano ya ɗau zafi. Baba ya dafa ƙarfen ya ji ɗumi. Ya kira wayarta, ba ta shiga. Sai ya aika aka kira yayanmu Sabiru, mai gyaran babura, ya ce ya sassauta sukurorin iskar ta fita, kamar taya.

Na ce Yaya fa ta hana.

"Murja, karatunta ko rayukanku?" in ji Baba.

Ya kora mu waje da Inna da yara, shi ya tsaya kusa da Sabiru, wai in ƙarfen ya tashi ya tashi da shi. Muna ƙofar gida muna ta salati. Shiru. Can Sabiru ya fito sharkaf da gumi, ya ce ɗan ƙas kawai ya ji, kamar an ɓare gyaɗa.

Bayan la'asar Yaya ta dawo. Baba ya miƙa mata ƙarfen a faranti, sukurorin a gefe.

"Mun tsira, Raihana. Allah ya kiyaye."

Ta ɗaga shi ta daɗe tana leƙa 'yar kafar da ke tsakiya. Sannan ta durƙusa.

"Sannu da ƙoƙari, Baba."

Ta shige ɗaki, ta danna fuskarta cikin filo don kada ya ji.