Ranar da Baba Ukasha Ya Yi Wa Alhaji Kara

Tun da aka ce ma'aikaciyar ofishin ƙwadago za ta zo gonar kajin Alhaji Mudassir da ke kusa da Bagauda, ba mu da wata magana sai ta albashi. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi tuntuni, amma mu masu tsince ƙwai da kwashe kashin kaji ko rabinsa ba ma gani. In matar ta ji gaskiya, dole a gyara. Sai dai duk wanda ya faɗa, ya yi sallama da aikinsa. Ni kuwa Saude, da wannan aikin nake ciyar da marayuna.

Shi ya sa muka ɗora wa Baba Ukasha maigadi nauyin faɗar gaskiyar. Tsoho ne, Alhaji ba zai iya korarsa ba.

"Ku bar ni da ita," in ji shi, har da bugun ƙirji. "Sai na feɗe mata biri har wutsiya!"

Ashe Alhaji ya fi mu sanin Baba. Matar na sauka daga mota, aka tara mu a gindin mangwaro. Sai ga Alhaji, mutumin da ko sannu ba ya ce wa tsohon, ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a kan kujerarsa.

"Hajiya, wannan ubana ne," in ji Alhaji. "Da hannunsa ya sa mahaifina a kabari."

Nan na gane dabarar Alhaji. Wa ya taɓa ganin dattijo ya kunyata ɗan amininsa a gaban baƙo?

Matar ta ce, "Baba, ana biyanku abin da doka ta ce?"

Baba ya dubi ƙasa. Ya gyara hula. Ni ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

"Alhamdulillahi, 'yar nan," in ji shi. "Yaron nan bai rage mu da komai ba."

Kai, Baba! Ina birin, ina wutsiyar? Na ji kamar in shaƙe shi, ga kuma tausayinsa, don ko ɗago kai ya kasa.

Matar ta rataya jakarta. Na san in ta shiga motar nan, shi ke nan, an rufe maganar.

"Hajiya, kara ya yi masa!" Sai da na ji muryar sannan na gane tawa ce. "Ko rabi ba a ba mu."

Matar ta sauke jakar ta juyo.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

Kafin in buɗe baki, Alhaji ya amsa mata, yana murmushi, idonsa a kaina.

"Saude ce," in ji shi. "Ai na san ta."