Kifin Da Ba A Kamawa

Munzali yana gyaran ragar kamun kifinsa a zaure, yayansa Abdussamadu ya shigo ya dangwara masa waya a cinya.

"Duba ɗiyarka."

Hoton Kausar ne, wadda ta tafi Indiya karatun jinya. Tana tsaye a ƙofar wani gini mai tsini, a bayanta ga gunki mai kan giwa.

"Gidan tsafi ta tafi," in ji Abdussamadu. "Rabin Argungu sun gani. Kira ta yanzu, ka ce ta tattaro kayanta ta dawo."

Wata bakwai ya rage mata ta gama. Munzali ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya danna kiran bidiyo.

Fuskarta ta fito, ana ta kaɗa ƙararrawa a bayanta.

"Baba, ina kwana! Ya Inna?"

"Kausar, ina kike?"

"Wani gari ne, Haridwar. Nan suke zuwa ibada, Baba, daga ko'ina. Baban ƙawata ya rasu, wadda muke ɗaki ɗaya. Sun kawo tokarsa kogi."

"Toka?"

"Ƙona gawa suke yi. Ƙawar tawa ce ke tashi ta dafa mini sahur da azumi. Na kasa barin ta ta taho da kuka ita kaɗai."

"Kin shiga wurin gunkin?"

Ta juya wayar ƙasa. Takalma ne jibge a gabanta, manya da ƙanana.

"Ba a shiga da takalmi. Ni ce mai gadi tun safe. Da azahar ta yi, mamarta ta karɓe ni, na samu gefe na yi sallata."

"Gaya mata mana," Abdussamadu ya zungure shi.

Munzali ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan ruwan da ke bayanta. Matakala ce har cikin kogi, mutane na nutso suna riƙe da sarƙa. Wani abu baƙi ya gilma.

"Tsaya. Mi ne ne wancan?"

Kausar ta sauka taki uku. Wata tsohuwa ce ke jefa curin ƙullu a ruwa, manyan kifaye na ture juna har suna gogar ƙafarta.

"La ilaha illallahu! Ina masuntan garin?"

"Babu, Baba. An hana kamawa. Ciyar da su ake yi."

"Kamar koginmu na Matan Fada ke nan. Sai ranar gasa a saki mutane."

"Su ba su da ranar gasa."

"Ko rana guda a shekara?"

"Ko guda."

Munzali ya ƙura wa kifayen ido. Shekara talatin yana shiga ruwa da gora, bai taɓa ganin kifi ya zo wurin mutum da kansa ba. Ya tambayi zurfin ruwan, da sanyinsa, da ko kifin na da ƙaya a baya.

"Baba, sun fara fitowa, za su nemi takalmansu. Akwai wata magana ne?"

Munzali ya dubi yayansa, ya dubi wayar.

"Ki yi wa ƙawarki gaisuwa. Ki koma makaranta lafiya."

Abdussamadu ya ja tsaki, ya miƙa hannu zai karɓi wayarsa. Sai ya tsaya, ya ranƙwafo.

"Ke, matsa hagu kaɗan. Ga wani babba can."