Teburin Bakin Ƙofa

"Ni? A kan kujera, ƙafafuna na reto, kai kana tsaye a kaina da faranti?" in ji Saude, ba ta ko ɗago kai daga kwanukan da take ɗauraya ba. "Malam, ciwon nan a ƙirji likita ya ce yake, ko kuwa ya haura kai ne?"

Mijinta, Sulle Kuku, yana zaune a kan turmin da aka kife, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ya yi musu kaɗan. Ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya ce, "Sau ɗaya tak. Ki zauna a teburin bakin ƙofa, in kawo miki tun daga farko har ƙarshe."

"Me ka taɓa dafawa a gidan nan da ban ci ba?"

"Kin ci a durƙushe a gindin murhu, romo da kifi da latas duk a kwano guda, kamar mai haɗa wa akuya dusa. Wannan ba ci ba ne, cika ciki ne."

Ta watsar da ruwan wanke-wanke, ta shige ɗaki.

Sulle ɗan Karaye ne gaba da baya. Yana saurayi ya bi motar gyaɗa zuwa Maraɗi, ya faɗa gidan wani Bafaranshe yana wanke tukwane, har ya zama kuku, ya bi iyayen gidansa zuwa Yamai. A tsakani ya zo Kafin Dafga ya auri Saude ya tafi da ita. Can ta zauna a ɗakin bayan gida, tana hango teburin Turawa ta ƙofar madafa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Da furfura ta fara leƙo masa ya tattaro ya dawo Karaye, ya faɗaɗa zauren gidan ubansa, ya jera tebur huɗu da fararen ƙyallaye, ya sa aka rubuta masa allo wai Bistiro. Ba wanda ya wahalar da harshensa. Gidan Faransa kawai ake cewa.

Abincin gidan yana da tsari, kuma tsarin ba ya tanƙwaruwa. Romon albasa ne farko, da gasasshen burodi da cuku a kansa. Sai an ɗauke shi sannan kifin dam ko nama zai zo, da soyayyen dankalin Turawa. Bayansa latas. Ƙarshe wani abin zaƙi na madara da ƙwai, wanda ake kifewa a faranti, ƙonannen sukari yana gangarowa ta gefensa. Kowa da farantinsa, ba a haɗa hannu.

Ɗanmaliki mahauci, maƙwabcinsu kuma abokin wasan Sulle, kullum sai ya yi tsiya. "Kai Bature baƙi, ka jibgo min duka lokaci guda mana, na bar nama a rumfa!"

"Mai sauri ya tafi tasha, akwai shinkafa da wake."

"To wannan ɗanyen ganyen fa? Ka ga ƙaho a kaina?"

"Ci, ko kitsen wuyanka ya sami abokin faɗa."

Duk da haka kujerun ba sa rabo da mutane. Malaman makaranta suna zuwa, da ma'aikatan sakatariya, da fataken hatsi 'yan Nijar ranar kasuwa, waɗanda kan yi Faransanci da shi har ya manta tukunya. Amma maza ne duka. Sau ɗaya wani yaro daga Rogo ya ɗauko amaryarsa a babur ya zaunar da ita a nan, sai da aka yi mako ana tauna zancen a gidajen biki. Saude tana cikin masu taunawar.

Shi ya sa da Sulle ya fara wannan roƙo, bayan dawowarsa daga asibiti a Kano da ledar magunguna, ta kai maganar bakin katanga wurin Ummu Hani, matar Ɗanmaliki, wadda ta girme ta.

"Yaya Ummu, kin ji abin da Malam ya tsiro da shi?"

Ummu Hani ta saurara, ta riƙe haɓa. "Ke Saude, da jikokinki? Ki haye kujera a bakin titi, namiji mara lafiya yana kai-kawo a kanki? Wallahi kafin la'asar an ce kin shanye shi. Surukan 'yarki Bahijja a Fulatan su ji, da wane ido za ta dube su?"

"Abin da na gani ke nan."

"Ki lallaɓa shi. Mara lafiya yaro ne, gobe ya manta."

Bai manta ba. Hali zanen dutse. Damina ta wuce yana maimaitawa, tana kaucewa. Yau ta ce ga wanki, gobe ta ce bari ka ƙara jin ƙarfi. Ƙarfin kuwa raguwa yake. Aka fara yankan gero, ludayi ya soma suɓuce masa. Aka shiga cirar gyaɗa, tsayuwa a gaban murhu ta gagara, aka rufe Gidan Faransa. Kwanciya ma ta ƙi, sai barci a zaune da matashi a baya. Daga nan sai ya daina roƙon gaba ɗaya.

Shirun nan ya fi maganar damun Saude. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san mijinta ba ya sakin abu sai in ya cire rai da shi.

Wata safiya ta leƙa zauren ta same shi a zaune, ya baje cokula da wuƙaƙe a kan tebur. Yana ɗaukar kowane ya huro masa iska, ya goge da ƙyalle, ya naɗe, ya sa a akwati.

"Ina za su?" ta tambaya.

"Bahijja ta raba wa 'ya'yanta. Su sha kunu da su."

Ta tsaya tana kallon cokulan suna shiga akwati ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, "Gobe. Amma a rufe ƙofa."

Ya ɗago. "Teburin bakin ƙofa ai don hasken titi ake son sa, mutum na ci yana kallon duniya."

"Ita ma duniyar tana kallonsa. A rufe, ka buɗe taga ta sama."

Ya yi dariya har ta koma tari. "An rufe," ya ce.

Washegari tun da sassafe ya aika aka samo albasa, Ɗanmaliki ya karɓo masa kifi wurin masunta ba tare da an gaya masa na mene ne ba, aka tare 'yar Fulani aka sayi madara. Saude ta zo za ta yanka albasa, ya kore ta. Ya jawo kujera 'yar tsugunno gaban murhu, yana yi yana hutawa. Da rana ta kusa tsakiya ya sa farar rigarsa ta aiki, wadda yanzu take lilo a jikinsa, ya rataya ƙyalle a kafaɗa. Ita kuma, ba wanda ya ce ta yi, ta ɗauro atamfarta ta Sallah.

Ya ja mata kujera. "Bismillah, Madam."

"Kai Malam, ka bari, don Allah."

"Yau ke baƙuwa ce, ki ji dokar baƙo. Ba ya ɗauke faranti, ba ya ƙwala kira, ba ya leƙa madafa. In abinci ya yi jinkiri, jiran ma cikin abincin yake. Kin yarda?"

"Na yarda," ta ce, tana gyara mayafi kamar a gaban alƙali.

Romon albasa ya zo yana tururi. Saude ta san shi kamar yunwar cikinta, ita ke wanke tukunyarsa tun tana amarya. Amma ba ta taɓa shan sa da zafinsa ba, shi kaɗai, ba tare da kunnenta yana wurin wani aiki ba. Ta fasa burodin da cokali, cukun ya biyo yana ja. Ta sha, ta ƙara sha.

"Yaya?" ya tambaya daga inda ya dafa bango.

"Gishiri ya so ya yi yawa."

"Ƙarya kike."

"Ƙarya nake," ta ce, ta ci gaba da sha.

Ya kawo kifi da dankali, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya nuna mata: wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu.

"Da hagu zan ci? A'uzu billahi! Abin da ka koyo ke nan?"

"Yanka duka tukuna, ki ajiye wuƙar, ki mayar da cokalin dama. Haka nake koya wa liman ma in ya zo."

Ta yi hakan. Dankali ɗaya ya tsere ya faɗa ƙasa, ta sunkuya za ta ɗauka, ya ce, "Baƙo ba ya sunkuyawa." Ta bar shi a nan. Ta cinye kifin, ta cinye latas ɗin da ta saba cewa abincin zomo ne. A waje babura suna wucewa, wani yana tallan rake. Ta ji muryar Ɗanmaliki yana cewa wani, "Ƙamshi nake ji daga Gidan Faransa, ko Baturen ya tashi ne?" Ta dubi ƙofa da sauri. Sakata tana nan a wurinta.

Sulle ya kwashe farantan. Goshinsa ya jiƙe, leɓɓansa sun yi fari, amma idonsa yana sheƙi. Ya share ɓurɓushin burodi daga ƙyallen tebur, ya ajiye mata ƙaramin cokali.

"Saura na ƙarshe. Shi ne sarkinsu. Sai na bi shi a hankali, in aka yi gaggawar kife shi wargajewa yake."

Ya shiga madafa, ya saki labule.

Ta zauna, hannuwa a cinya. Ta ji ƙarar faranti. Ta ji an ja kujera 'yar tsugunno. Ta ji wani abu kamar cokali ya faɗi. Ta miƙe rabi, sai ta tuna, ta koma ta zauna. Wata da watanni tana ƙin abin nan, yau da ta karɓa ba za ta ɓata masa shi a ƙarshe ba. Ta kalli hasken taga yana sauka daga bango. Ta buɗe baki za ta ce Malam, ta rufe. Baƙo ba ya ƙwala kira.

Tana nan zaune har ladan ya ɗaga murya da kiran azahar. Sulle bai taɓa jin kiran salla bai amsa a fili ba, ko hannunsa na cikin tukunya. Ta saurara. Ba ta ji komai ba.

Ta same shi a zaune, ya jingina da bango, kansa ya karkata, ƙyallen yana kafaɗarsa. A kan katako ga farantin, abin zaƙin ya fita sumul bai wargaje ba, sukarin ya taru a gindinsa. Ta taɓa wuyansa. Ta shafe masa ido. Ta ɗauki kwano ta kife a kan farantin saboda ƙuda. Sannan ta saki salati.

Mutuwa rigar kowa. Kafin a idar da salla gida ya cika. Ummu Hani ce ta fara shigowa, ta ga atamfar Sallah, ta leƙa zaure ta ga tebur a shimfiɗe da ƙaramin cokali. Ba ta da bukatar bayani.

"Kina ina ya cika?"

"Ina zaune."

"A kujera?"

"A kujera."

"To wa ya laƙƙana masa kalmar shahada?"

Maganar ta zaga tsakar gida, daga wannan mayafi zuwa wancan. Ɗanmaliki da ya ji daga baya ya ce wa matarsa ta kama bakinta, ajali ba ya jiran kowa. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Maza suka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka buɗe ƙofar zauren don masu shiga yi wa mata gaisuwa. Bahijja ta iso daga Fulatan tare da uwar mijinta, idanu jajur. Saude tana ɗaki an canja mata kaya, tana amsa "ya haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki".

Da rana ta yi sanyi Saude ta miƙe. Aka zaci bayi za ta. Ta ratsa tsakar gida ta shiga madafa, ta ɗage kwanon, ta ɗauki farantin da hannu biyu, ta shiga zaure.

"Saude!" Ummu Hani ta kira da raɗa mai ƙarfi. "Ƙofa a buɗe take. Maza na nan."

"Na gani, Yaya."

Ta ajiye farantin a teburin bakin ƙofa, ta ja kujerar da kanta, ta zauna. Hirar masu zaman makoki ta yanke. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ƙura ido. Ɗanmaliki ya dube ta, ya dubi farantin, ya juya yana jan carbi.

Ta yi bismillah, ta sa cokali ta gefe ta gutsuro kaɗan. Hasken yamma ya shigo ta ƙofar ya kwanta a kan farin ƙyalle. A titi wani amalanke ya wuce da damman dawa, shanun suna tafiya a hankali, ta bi su da kallo tana ci.