Wiebke Ta Haɗe Ruwan

Tun da ɓarin jikin Onno ya shanye aka kwantar da shi a asibiti, kifayensa suka koma wuyan matarsa Wiebke. Ba son su take yi ba. Shekara da shekaru tana jin gurnanin injina daga ɗakin ƙarƙashin gidansu a garin Leer, kuma iyakar abin da mijin ya taɓa koya mata game da waɗannan kifayen ado da ake kira diskus shi ne kada ta kusance su. Amma likita ya ce mutumin yana bukatar abin da zai ja shi ya miƙe, ita kuwa ta san ba ita ce abin ba. Sai ta ɗaura ɗamara, lallai Onno ya dawo ya tarar da kifayensa da rai.

Aikin ya kusa karya mata baya. Tankunan gilashi ne jere a bango biyu, kowanne da matatarsa da sosonsa na wankewa, ga ruwan ɗumi da ake canjawa da bokiti. Har bokitan Onno ya raba, jajaye na bangon dama, shuɗaye na hagu. Wiebke ta saka wannan cikin tsirfarsa, mutumin da ko safarsa ba ya yarda a haɗa da tata a wanki. Da safe tana aiki a gidan burodi, da yamma tana bautar kifi. Su kuma kifayen, faffaɗa kamar faifai, sai su taso gaban gilashi su zuba mata jajayen idanu.

Wata rana Tjark, maƙwabcinsu mai gyaran famfo, ya same ta zaune a matakala ta kasa miƙewa.

"Maƙwabciya, kiwon kifi kike yi ko neman ajali?" in ji shi. "Wa yake wanke matata ɗai-ɗai a zamanin nan? A haɗe su. Babban tanki ɗaya a ƙasa, ruwan kowa ya gangaro ciki ya bi ta soso, inji ya mayar da shi sama. Wanki ɗaya, kin huta."

"Onno zai cinye ni ɗanya."

"Da wane bakin? Cokali ma ke kike riƙe masa."

Ta dai je ta nemi izini. A lokacin harshensa bai warware ba. Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, shi kuma ya yi ta gurnani yana dukan gado da hannun mai lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce ya gaji, a bar shi ya huta. Wiebke ta fito tana gaya wa kanta zumuɗi ne.

Suka shiga aiki. Ta kwashe kifi zuwa robobi, Tjark ya huda gilashi a hankali, suka ja bututu ta bayan tankuna, warin gam ya cika gidan. Da suka gama ya kashe injin da gangan don ya gwada ko ruwan zai yi ambaliya, suka tsaya suna kallon babban tankin yana cika, har ruwan ya tsaya ƙasa da baki. Ko ɗigo bai zuba ba. Suka sha shayi da dunƙulen sukari da kirim ɗin madara a kan bokitin da aka kife, Tjark yana ta yabon kansa.

Ruwa ya yi garau, kifi suka yi ƙiba, wasu biyu a bangon dama har suka yi ƙwai. Abin kunya, Wiebke ta fara ɗokin saukowa. Ta yi alfahari da aikin nan fiye da duk abin da ta taɓa yi a gidan.

Ranar da aka sallamo Onno, ita da Tjark suka sauko da shi a kan kujera, suna nishi. Bai kalli kifi ba. Bututun ya bi da ido, daga bangon hagu har na dama.

"Ruwan nan," ya ce, yana jan kalmomin da ƙyar, "daga ina?"

"Daga ko'ina. Ruwa ɗaya ne yanzu. Duba mana, ko ɗaya bai mutu ba."

Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi. Da guntuwar magana ya fitar da abin da bai taɓa ganin ta isa ta ji ba. Na hagu kamun kogi ne, suna ɗauke da tsutsar ciki ko da ba sa ciwo. Na dama kuwa tun suna ƙwai ya raba kakanninsu da iyaye, ya wanke da magani, ya raine su da hannu, zuriya bayan zuriya, har ya samu irin da tsutsa ba ta taɓa shiga ba. Da su aka san shi a ƙungiyar masu kiwo. Jiƙaƙƙen yatsa ma ya isa ya ɓata su, balle bututu.

"To a raba mana," in ji Tjark. "Kafin yamma na gama."

"Kai masai ka sani," in ji Onno. "An riga an gama."

Wiebke ta juyo ta fuskanci mijinta. "Kullum ina tsaye a ƙofar can da shayinka. Ka taɓa buɗe baki ka ce, Wiebke, zo ki ga dalili? Da ka yi min magana kamar mutum sau ɗaya, da ba mu zo nan ba."

"Ku mayar da ni sama," in ji Onno.

Daga ranar bai sake tambayar kifi ba. Mai motsa masa jiki ta zo ta yi lallashi ya tsaya da ƙafarsa, ya ce ya tsaya ya je ina. Da Wiebke ta tambaye shi abincin da za ta ƙara musu, ya ce ta soya su in ta ga dama, ba nasa ba ne.

Ba ta daina sauka ba, tunda yunwa suke ji. Wata yamma ta tarar ƙwan sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun lulluɓe jikin iyayensu suna tsotson yauƙin fatarsu. Ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta manta da ciwon bayanta, ta hau matakala da sauri.

"Onno! Sun fito, wallahi kamar ƙura a jikin uwar, zo ka..."

Ya lalubi abin canja tasha da hannun mai lafiya, ya ƙara wa talabijin murya.