Carbin Mubaraka a Gonar Dabino

Shekara talatin Mubaraka ta yi tana wankan gawar mata a garin Tuzar, saboda haka ta san fuskar wanda numfashi ya bari. Abin da ba ta taɓa zato ba shi ne ta ga wannan fuskar a jikin rayayye.

Ƙaninta Bilƙasim mai hawan dabino ne, ƙato mai kaurin wuya. Ana saura mako a fara yankan dabino aka ce an gan shi yana gyangyaɗi can saman bishiya, lauje a hannu. Kullum da ciwon kai yake tashi, jininsa kuma ya hau.

"Minshari ne kawai, Yaya," in ji matarsa Hadra. "In ya yi shiru sai in gode wa Allah, kunnena ya huta."

Ran nan bayan an ci kuskus a gona, ya miƙe a inuwa zai yi ƙailula. Mubaraka ta zauna kusa da shi tana jan carbi. Minsharin ya tashi kamar injin ban ruwa, can sai ya yanke.

Ta waiwaya. Baki a buɗe, leɓe ya soma duhu, ƙirji na kokawa amma iska ba ta shiga. Yatsunta ba su daina ja ba. Ƙwaya talatin da uku ta wuce, ta kai arba'in. Hannunta ya tafi haɓarsa da kansa, yadda ya saba rufe bakin mamata. Sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi, ya juya, ya ci gaba da barcinsa.

Kafin La'asar sau goma sha tara ta ga an karɓi numfashin nan an mayar masa, shi bai sani ba.

Da ya farka ya nemi laujensa, ta zauna a kai.

"Yaya, tsufa ne ko rigima? Ba ni kayana."

"Rufe min baki, ƙaton banza. Matan da nake wankewa sau ɗaya suke tafiya. Kai yau sau goma sha tara aka dawo da kai. Ba ka ƙara hawa sai likita ya gan ka."

Ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi idonta, ya fasa.

A asibiti aka ce maƙogwaronsa ne ke toshewa in ya yi barci, aka ba shi na'urar da ke tura masa iska ta hanci. Yankan bana daga ƙasa ya kalle shi.

Ranar da ta mayar masa da laujen, sai da ta sake zama kusa da shi yana ƙailula da na'urar a hanci. Ta zagaye carbin sau uku, ƙirjin yana hawa yana sauka, bai tsaya ba.